Kasuwar Ƙila-wa-ƙala: Yadda Ake Tara Jama'a Da Jita-jitar Wasannin Kwamfuta

Kowane ɗan kasuwa ya san rumfa ba ta ciyar da mai ita sai ƙafa ta yawaita a bakinta. Saboda haka tun zamanin da masu haja suke neman dabarar tsayar da mai wucewa, wani ya sa yaro ya yi ta kiran araha, wani ya baje mafi kyawun kayansa a gaba, wani ya ɗauki maroƙi. To, a wannan zamani an sami wata irin kasuwa, wadda tushenta yake Amurka da Turai da Japan, rumfunanta kuwa shafuka ne a cikin intanet masu ba da labarin wasannin kwamfuta. Abin da waɗansunsu suka riƙa don kiran jama'a shi ne jita-jita da shaci-faɗi. Ga bayanin yadda ƙila-wa-ƙala ta zama haja mai riba a wurinsu, da kuma wanda yake biyan kuɗinta ba da saninsa ba.

Fasali na farko: Wasannin da girman cinikinsu

Ba caca ake nufi da wasannin nan ba. Wasanni ne da ake yi a fuskar talabijin ko kwamfuta ko wayar hannu, mutum yana riƙe da wani ɗan abu mai maɓallai, yana sarrafa hoton ɗan ƙwallo ko mayaƙi ko mota. Manyan masu ƙera na'urorinsu su ne Nintendo da Sony a Japan, da Microsoft a Amurka. Kada dattijo ya raina abin don an kira shi wasa, gama masu ƙididdigar kasuwa sun kiyasta cinikinsa a duniya ya kai wajen dala biliyan 180 a shekarar 2023. Wani wasa guda mai suna Grand Theft Auto V, na kamfanin Rockstar, da ya fito a watan Satumba na 2013, cinikinsa ya kai dala biliyan 1 cikin kwana 3, kuma zuwa 2024 an sayar da fiye da guda miliyan 200 nasa.

Babban wasa irin wannan ba a gama shi a shekara ɗaya ko biyu. Yakan ci shekara biyar ko fiye, da ma'aikata ɗaruruwa, wani lokaci dubbai, kowannensu ya sa hannu a takardar alkawari cewa ba zai faɗi abin da ake yi ba. Ga miliyoyin mutane suna ƙishin labari, ga masu labarin sun rufe baki. A cikin wannan rata ce dillalan jita-jita suka kafa rumfunansu.

Fasali na biyu: Inda ribar take fitowa

Abin da zai fara ba ɗan kasuwa mamaki shi ne, yawancin shafukan nan ba sa karɓar ko anini daga mai karatu. Kuɗinsu daga talla yake zuwa. A gefen kowane labari, da samansa, da tsakiyarsa, akwai guraben da ake haya ga masu sayar da waya ko mota ko takalmi, galibi kuwa ana lissafin ladan ne bisa kowane gani dubu da aka yi wa tallar. Na'urori ne suke yin gwanjon guraben nan a tsakaninsu, kafin ƙiftawar ido, a daidai lokacin da mutum ya buɗe shafin. Na'urar da take biya ba ta tambayar ko labarin gaskiya ne ko ƙanzon kurege, ido kawai take ƙirgawa. Ashe ke nan hajar da ake sayarwa ita ce idon mai karatu, labarin kuwa tsaba ce da aka watsa don tsuntsu ya sauka.

Hanyar da baƙi suke isowa ita ma tana ƙara wa abin ƙaimi. Mutum yakan rubuta sunan wasan da yake jira a Google, shafin da ya fito a sama shi ne yake kwashe yawancin jama'a. Saboda haka mai shafi ba ya iya yin shiru, ko da kamfanin wasan ya yi shekara bai ce uffan ba. In babu labari sai a rubuta labarin cewa ana zaton labari yana tafe. Akan sa kan maganar a siffar tambaya, alal misali, ko wasa kaza zai fito cikin watan gobe? Wanda ya yi tambaya ba a kama shi da ƙarya. Akan kuma jingina maganar ga wani na ciki da bai so a faɗi sunansa ba. In abin ya tabbata, mai shafi ya ce shi ya fara faɗa. In bai tabbata ba, sai ya sake rubuta wani labari cewa ashe zancen jiya ba haka yake ba, jama'a su sake cika. Ya ci riba sau biyu ke nan a kan magana guda wadda ba ta da tushe.

Fasali na uku: Mayaƙin da ba a taɓa yi ba

Wannan ɗabi'a ta girmi shafukan intanet. A shekarar 1991 kamfanin Capcom na Japan ya fitar da wani wasan dambe mai suna Street Fighter II, wanda ake bugawa a manyan akwatuna da ake jefa wa kwabo. A cikinsa akwai mayaƙi mai suna Ryu, wanda in ya yi nasara yakan faɗi wata magana. A harshen Japan maganar tana ambaton sunan wani naushi nasa ne, amma wajen fassara zuwa Turanci aka karanta haruffan da lafazin mutanen Sin, sai suka fito Sheng Long, kamar sunan mutum. Daga nan samari suka shiga tambayar wane ne wannan Sheng Long.

Turawa suna da al'adar zolayar juna da ƙarya ranar 1 ga Afrilu. Sai wata mujalla ta Amurka mai suna Electronic Gaming Monthly, a fitowarta ta Afrilu 1992, ta buga cewa Sheng Long ɓoyayyen gwani ne a cikin wasan, har da hotunansa da suka haɗa da hannunsu. Suka ce mai son ganinsa sai ya bi wasan tun daga farko ba a taɓa shi ko sau ɗaya ba, sa'an nan ya yi zagaye 10 da babban abokin gaba na ƙarshe ba wanda ya bugi wani. Sharaɗi ne mai wuyar cikawa ƙwarai, don haka duk wanda bai ga gwanin ba sai ya zargi hannunsa, ya sake jefa kwabo. Sunan da mujallar ta ƙaga wa wanda wai ya aiko da sirrin, in an karanta shi da sauri, ma'anarsa da Turanci ɓarnar kwabbai ce, amma ba kowa ya lura ba. Waɗansu mujallu a Turai da Hongkong suka kwashi zancen suka buga ba tare da bincike ba, sai bayan watanni masu shi suka bayyana cewa zolaya ce.

Mujallar takarda sau ɗaya take fitowa a wata, mai saye kuwa kuɗinsa yake bayarwa, in ƙarya ta yawaita ya daina saye. Intanet ya kawar da waɗannan birki guda biyu. Shafi yana iya fitar da labari ashirin a yini, mai karatu kuma bai biya kome ba balle ya nemi a mayar masa.

Fasali na huɗu: Jarrabawar da aka yi wa marubuta

A watan Janairu na 2013, sa'ad da ake jiran Microsoft ya bayyana na'urar da za ta gaji Xbox 360, wani mutum da bai faɗi sunansa ba ya so ya gwada masu shafukan nan. Ya aika musu da wasiƙa yana da'awar shi ma'aikacin Microsoft ne, ya ƙago wata na'ura mai kama da allo, ya raɗa mata suna X-Surface, ya jero siffofinta dalla-dalla. Wani shafi ya buga. Cikin 'yan sa'o'i waɗansu suka kwafa daga gare shi, waɗansu kuma suka kwafa daga masu kwafa. Sa'an nan mutumin ya fito ya ce duk shi ya shirya abin, ba shi da wata alaƙa da kamfanin.

Malaman da suka karanci ilimin isnadi za su gane cutar nan da nan. Mai karatu yakan ga labari guda a shafi goma, sai ya ɗauka shaidu goma ne. Alhali in aka bi salsalar, na goma daga na tara ya ɗauko, na tara daga na takwas, har a tuƙe ga mutum guda wanda ba a san sunansa ko halinsa ba. Yawan masu maimaitawa ba ya ƙarfafa ruwayar da tushenta majahuli ne.

Hoto ma bai tsira ba. A watan Maris na 2016, lokacin da Nintendo yake shirya wata na'ura da aka sani da laƙabin NX, hotuna suka bazu na wani abin riƙewa mai siffar ƙwai, aka ce nata ne. Na farko zane ne da wani ya haɗa a kwamfuta. Na biyu kuwa wani mai sana'ar ƙira a ƙasar Finlan ne ya sassaƙa irinsa da inji, ya ɗora a tebur ya ɗauki hotonsa, sai jama'a suka ce ga shaida ta biyu ta tabbatar da ta farko. Dukansu biyu daga baya sun fito sun nuna yadda suka yi. Da na'urar gaskiya ta bayyana a Oktoba 2016 da sunan Switch, ba ta yi kama da hotunan ba. Hausawa sun ce gani ya kori ji, amma a wannan kasuwa ganin ma sai an tambayi isnadinsa.

Fasali na biyar: Dogon jiran wasa na shida

Babu misalin da ya fi fito da wannan ciniki fili kamar jiran magajin Grand Theft Auto V. Tun bayan 2013 ake ta rubuta labarin na shidansa, ana faɗin garin da za a yi shi, da shekarar da zai fito, da sunayen mutanen ciki, alhali Rockstar bai ko amsa cewa yana aikinsa ba sai a watan Fabrairu na 2022. Shekara takwas da 'yan watanni ke nan shafuka suna cin abinci da wasan da mai shi bai ambata ba.

A Satumba 2023 abin ya kai ga duban wata. Kamfanin ya saki wani hoton talla na tsohon wasansa, da wata a sararin samaniya a cikinsa. Sai waɗansu masu zaƙuwa suka auna girman watan, suka lissafa daren da zai kai wannan siffa, suka ce ishara ce cewa ranar 3 ga Oktoba za a nuna sabon wasan. Shafuka da yawa suka buga wannan lissafi. Ranar ta zo ta wuce, ba a nuna kome ba.

Da kamfanin ya sa ranar 5 ga Disamba 2023 don nuna ɗan gajeren majigin tallar wasan, sai wani ya sato shi ya saki tun a jajibiri, ya manna masa rubutun da ke kiran jama'a su sayi kuɗin intanet da ake kira Bitcoin. Ɓarawon ya san inda idanu za su taru, ya kai tallarsa can. Dole Rockstar ya saki nasa kafin lokaci, aka kalle shi fiye da sau miliyan 90 a YouTube cikin yini guda.

Ga kuma wanda 'yan kasuwa za su fi ganewa. A Janairu 2025 wani mai nazarin kasuwa, Matthew Ball, ya ambata a cikin wani dogon rahoto cewa akwai masu yin wasanni da suke fatan a sa wa wasan nan kuɗi tsakanin dala 80 da 100, don su ma su sami damar ɗaga farashin nasu. Fata ce ta waɗansu, ba sanarwar mai kaya ba. Amma da maganar ta bi ta hannun shafuka, sai kanun labarai da yawa suka fito kamar an riga an yanke farashin dala 100. Haka fata take zama zato, zato ya zama an ce, an ce ya zama labari. Game da ranar fitowa kuwa, kamfanin da bakinsa ya faɗi 26 ga Mayu 2026 a sanarwarsa ta Mayu 2025, sa'an nan a Nuwamba 2025 ya ɗaga zuwa 19 ga Nuwamba 2026. In mai kaya kansa yana ɗaga alkawarinsa, ina ga mai kintace daga nesa?

Fasali na shida: Gaskiyar da take cikin tarkace

Adalci ne a faɗi cewa ba duk abin da ya riga sanarwa ne ƙarya ba, kuma wannan shi ne ƙarfin jita-jita, domin da duk ƙarya ce da tuni an watse. A Yuli 2022 ɗan jaridar Bloomberg, Jason Schreier, ya ba da rahoton cewa mace za ta kasance cikin manyan mutanen wasan na shida, kuma za a yi shi a wani gari da aka kwaikwayo daga Mayami. Majigin 2023 ya gaskata shi. A Satumba 2022 kuma wani saurayi ɗan Ingila ya kutsa cikin kwamfutocin Rockstar, ya saki gajerun bidiyo wajen 90 na wasan tun ba a gama shi ba. Waɗannan na gaskiya ne, kamfanin ya amsa, amma kayan sata ne. Kamfanin ya shaida wa kotu cewa ɓarnar ta ci masa dala miliyan 5, a Disamba 2023 kuma kotu ta ba da umarnin a tsare saurayin a asibiti ba tare da ƙayyade wa'adi ba.

Saboda haka labaran nan kashi huɗu ne. Akwai sanarwar mai kaya. Akwai rahoton ɗan jarida sananne, wanda ya sa sunansa, ya ji daga mutum fiye da ɗaya, kuma an jarraba maganarsa a baya. Akwai abin da aka sato, wanda yana iya zama gaskiya ko da yake hanyarsa ba ta da tsarki. Sa'an nan akwai ƙirƙirarre da kintace. Dabarar dillalin jita-jita ita ce ya zuba duka huɗun a buhu guda, ya ɗinke bakinsa da kalmar an ce, kamar mai cakuɗa tsakuwa da shinkafa.

Fasali na bakwai: Wanda yake biya

Na farko shi ne mai karatu, da lokacinsa da kuɗin datarsa. Samarin da suke cika shagunan buga wasan ƙwallo a PlayStation cikin garuruwan Hausa suna cikin wannan lissafi, domin labaran da aka rubuta a Amurka su ne suke isowa wayoyinsu. Wani lokaci hasarar takan wuce haka. Masana tsaron kwamfuta sun sha gargaɗi game da shafukan da suke da'awar suna da wasan na shida tun bai fito ba, wanda ya sauke abin da suka bayar sai ya shigar wa na'urarsa muguwar manhaja mai satar kalmomin sirri.

Na biyu shi ne mai saye da mai sayarwa. A 2021 rahotanni suka yawaita, har daga Bloomberg, cewa Nintendo zai fitar da sabon samfurin Switch mai sabuwar fuska, mai kuma ƙarfin nuna hoto irin wanda ake kira 4K. A Yuli na shekarar kamfanin ya bayyana samfuri mai sabuwar fuskar, amma babu ƙarin ƙarfin, a Satumba kuma ya fito fili ya musanta zancen 4K ɗin. Magajin na'urar na haƙiƙa, Switch 2, bai shiga kasuwa ba sai ranar 5 ga Yuni 2025. Wanda ya riƙe kuɗinsa yana jira tun 2021 ya yi jiran shekara huɗu, ɗan kasuwar da zai karyar da kayan shagonsa don tsoron sabon samfuri kuwa da ya yi cinikin biri a sama.

Na uku shi ne marubuci mai bincike. Wanda ya yi wata guda yana tantance labari ɗaya, ana auna shi da ma'aunin da ake auna wanda ya ƙaga goma kafin azahar. Mujallar Game Informer ta Amurka, bayan shekara 33 tana fitowa, an rufe ta a Agusta 2024, sai a 2025 wani kamfani ya saye ta ya farfaɗo da ita. Wanda ya ga haka zai gane cewa ba duk mai buga jita-jita ne mugu ba, abin da ya koro ɓera ya faɗa wuta ya fi wutar zafi. Sai dai uzurin mai sayarwa ba ya gyara gurɓataccen kaya.

Fasali na takwas: Ma'auni

Maganin bai fi ƙarfin malami ko ɗan kasuwa ba, domin aikinsu ne na kullum, kuma suna iya koya wa 'ya'yansu da almajiransu. Idan labari ya zo, a tambayi wanda ya fara faɗinsa, a bi shi baya har a kai ga tushe. A duba ko mai faɗin ya sa sunansa, da kuma abin da ya faɗa a baya, nawa ya tabbata nawa ya faɗi ƙasa. A duba ko mai kayan ya yi magana a shafinsa na kansa. A lura da kan maganar, in tambaya ce, ko tana ɗauke da wai, ko mai yiwuwa, to marubucin da kansa bai tsaya a kanta ba. A ƙarshe a tambaya, wa zai ci riba in aka buɗe shafin nan?

Wannan ma'auni bai tsaya ga wasanni ba. Lissafin gani dubu da yake ciyar da shafin wasanni shi ne yake ciyar da shafukan da suke yaɗa jita-jitar farashin hatsi, da canjin kuɗi, da rasuwar manyan mutane suna raye. A kasuwar wasanni an fi ganin dabarar tsirara ne kawai, domin ranar fitowar kaya takan zo ta tona kowa. Mutum ba shi da iko a kan abin da za a rubuta, amma yana da iko a kan yatsansa, kuma duk shafin da ya ƙi buɗewa, da duk an ce ɗin da ya ƙi tura wa wani, ya rage wa dillalin ladan ranar. Iyakar bayani ke nan. Wassalam.